Gulutatayon: Wanda Hanta Ke Ƙerawa da Wanda Ake Sayar Mana

A da, mai neman hasken fata man shafawa take nema ko sabulu. Yanzu harkar ta shiga cikin jini. A shagunan gyaran jiki, a wajen masu haɗa wa amare kaya, a shafukan Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp, suna ɗaya ne yake ta yawo: gulutatayon, wanda ake rubutawa Glutathione a jikin kwali. Akwai na haɗiya, akwai na tsotsa, akwai garin da ake damawa a sha, akwai na shafawa, akwai kuma wanda ake zubawa a ledar ƙarin ruwa a ɗaura wa mutum a jijiya. Mai tallarsa ba ta cewa bilicin ne. Cewa take yi yana wanke jini, yana gyara hanta, yana hana saurin tsufa, hasken fatar kuwa gyara ne aka yi miki a kan ciniki. In an matsa mata da tambaya sai ta kawo babbar hujjarta: "Hajiya, ai jikinki ma yana yin sa da kansa, to ina illar?"

Rabin wannan magana gaskiya ce, shi ya sa take da wuyar turewa. Jiki yana ƙera gulutatayon, kuma ba zai rayu babu shi ba. Sai dai darajar abin da hanta take ƙerawa ba ta zama shaida a kan abin da ke cikin kwalba ba, kuma a wannan giɓin ne kasuwar ta kafa rumfarta.

Ba sabon abu ba ne a wajen masana. A 1888 wani Bafaranshe, de Rey-Pailhade, ya fara cin karo da shi a cikin yis. A 1921 Frederick Hopkins na Jami'ar Kambirij a Ingila ya ware shi ya raɗa masa sunan da ake kiran sa da shi yau. Ƙaramin sinadari ne da aka haɗa daga amino asid guda uku, wato ƙananan sassan da furotin ke ginuwa da su: gulutamet, sistayin da gilaisin. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana haɗa nata, amma hanta ce ta fi kowace gaɓa tara shi. A cikin ukun nan sistayin ne ya fi ƙaranci, shi ne kuma yake ɗauke da farar wutar da ke yin aikin. In ya yanke, haɗin ya tsaya.

Jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin domin ya sami ƙarfi, kuma duk murhun da ake hura wuta a cikinsa sai ya yi tartsatsi. Tartsatsin nan wasu ɓaraguzan sinadarai ne masu zafin nama da ke iya lalata bangon ƙwayar halitta, da furotin, har da kundin gado da ke cikinta. Abubuwan da ke kashe su kafin su yi ɓarna su ake kira antiyoksidan, gulutatayon kuma yana cikin manyansu. In ya kashe tartsatsi ya gaji, jiki ba ya zubar da shi, akwai hanyar da yake sake farfaɗo da shi ya koma bakin aiki. Aikinsa na biyu a hanta yake: yana manne wa wasu gubobi ya mai da su masu narkewa a ruwa, su fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama.

Wanda yake son ganin muhimmancinsa ƙuru-ƙuru, ya dubi farasitamol, maganin da babu gidan da ba a ajiye shi. Idan an sha shi bisa ƙa'ida, hanta tana sarrafa mafi yawansa lami lafiya, ɗan kaɗan ne yake rikiɗa ya zama guba, gulutatayon kuma ya kama wannan gubar nan take. Idan aka zarce ƙa'ida, wadda ga baligi mai lafiya ba ta wuce giram 4 a yini ba, gubar takan rinjayi abin da hanta ta tara, sai ta shiga cin hantar kanta. Mugun abin shi ne a ranar farko mutum yana iya tashi ya yi harkokinsa, sai bayan kwana biyu zuwa huɗu idanu su yi ɗorawa, hanta ta gaza. Irin wannan yana iya faruwa ba da niyya ba, kamar ga wanda ya sha Panadol, ya ƙara da maganin mura da shi ma akwai farasitamol a ciki, ya kuma ɗora da "haɗi" na mai tallar magani a tire. To me likita yake bayarwa? Ba gulutatayon yake bayarwa ba. Wani magani ne mai suna asetilsistayin, wanda likitoci a birnin Edinbara suka tabbatar da amfaninsa a shekarun 1970, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi yake kai wa hanta sistayin ɗin da ya yanke mata, ita kuma ta ƙera nata da kanta. In an fara shi cikin awa takwas, kusan kullum yana tsare hantar.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Jajayen ƙwayoyin jini sun dogara da wani sinadari mai suna G6PD wajen farfaɗo da gulutatayon ɗinsu. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, ya fi bayyana a maza, kuma ya yi yawa a Afirka ta Yamma da sauran wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe. Mai irin wannan jini lafiyarsa lau har ranar da ya haɗu da abin da ya fi ƙarfin garkuwarsa, sai jajayen ƙwayoyin su farfashe, fitsari ya yi baƙi, jini ya yi ƙasa. Kafur da iyaye mata suke sawa cikin kayan jarirai yana cikin abubuwan da ke jawo haka, kuma likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna danganta shi da shawara mai tsanani a jarirai. A ƙasashen Larabawa an ga irin wannan ga jariran da aka shafa wa lalle a jiki. A nan ma, kariyar ba ƙwayar gulutatayon ba ce. Gwajin jini ne da kauce wa abin da ke tayar da ciwon. A riƙe wannan magana, domin za ta dawo idan mun zo kan ledar ƙarin ruwa.

Me zai faru in mai lafiya ya haɗiyi ƙwayar? Hanji yana da sinadaran da ke daddatsa gulutatayon su mai da shi sassansa uku kamar yadda suke yi wa kowane furotin. A 1992 masu bincike a Suwizalan sun ba mutum bakwai kimanin giram 3 a tashi ɗaya, suka yi ta auna jininsu na wasu awanni, ba su ga ya ƙaru ba. A 2011 wani gwaji a Amurka ya ba manya miligiram 500 sau biyu a yini har mako huɗu, shi ma babu canji. Sai a 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Fensilbeniya suka fito da sakamako dabam: mutum 54, wata shida, waɗanda suka sha miligiram 1,000 kullum nasu ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari a jini. Wannan binciken shi 'yan kasuwa suka fi kafa hujja da shi. Abin da ba sa faɗa shi ne kamfanin Jafan da ke ƙera ƙwayar ne ya ɗauki nauyinsa, kuma wata guda bayan an daina sha komai ya koma yadda yake. Ko da mun karɓi sakamakon yadda yake, abin da ya nuna kawai shi ne lamba ta hau a takardar gwaji. Bai nuna wani ya warke daga wata cuta ba, ko ya ƙara kwana, ko ya rage zuwa asibiti.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Gaskiya ne ana samun ƙarancin gulutatayon a jikin tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu ƙanjamau, da masu ciwon hanta. Amma ganin abu ya yi ƙasa a jikin maras lafiya bai nuna cewa ƙarancin ne ya kawo cutar ba, balle a ce cike shi zai warkar da ita. An gwada wannan tunani a kan abin da ya shafe mu ƙwarai, wato tamowa mai kumburi. A shekarun 1980 masu bincike a Jamaika sun lura yaran da ke kumbura gulutatayon ɗinsu ya yi ƙasa sosai, suka yi zaton can asalin ciwon yake. Zato ne mai ma'ana. Amma da aka gwada haɗin antiyoksidan a kan yara sama da 2,000 a Malawi na tsawon mako 20, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna bai hana su kumburin ba. Ciwon karkarwa na Fakinsin ma an gwada masa ta jijiya da ta hanci, bai fi ruwan da babu magani a cikinsa ba. A kan kitsen hanta akwai wani ƙaramin gwaji na Jafan da ya ba da ɗan fata, sai dai mutanen ba su kai 40 ba kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba su sha ba. Inda allurarsa ta sami gurbi a asibiti shi ne a wasu ƙasashe da ake ba masu ciwon daji ita domin rage wa jijiyoyinsu illar maganin sisfilatin, ƙarƙashin idon likitan daji.

Akwai kuma tunanin cewa tunda antiyoksidan alheri ne, yawansa ƙarin alheri ne. An gwada wannan a kan dubban mutane, an kuma sha mamaki. A Finlan an gwada ƙwayoyin bitamin a kan maza masu shan taba su 29,000 da ɗoriya, a 1994 aka ga waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A wani babban gwaji na Amurka da sakamakonsa ya fito a 2011, bitamin E ya ƙara haɗarin sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari. Ba gulutatayon aka gwada a waɗannan ba, amma darasin ya shafe shi. Tartsatsin nan ba duka ne abokin gaba ba. Da shi fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta, da shi jiki yake hallaka ƙwayar halittar da ta fara lalacewa. Ƙwayoyin ciwon daji da yawa kuwa tara gulutatayon suke yi domin su tsira daga magani. Masu bincike a Siwidin sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙarin antiyoksidan yana iya saurin girmar da sankarar huhu da yaɗa ta fata. Ɓera ba mutum ba ne, amma wannan ya isa a ce mai ciwon daji kada ya kusanci irin waɗannan ƙwayoyi sai da sanin likitansa.

Yanzu ga abin da a gaskiya ake sayen sa dominsa a garuruwanmu. Launin fata daga melanin yake, kuma iri biyu ne: mai duhu da mai ja-ja. A ɗakin gwaji an ga gulutatayon yana rage ƙarfin sinadarin da ke fara haɗa melanin, yana kuma karkatar da haɗin zuwa ga mai ja-ja. Daga nan aka ɗauko maganar hasken fata, kasuwarta ta fara bunƙasa a Filifin da Tailan da maƙwabtansu kafin ta iso Afirka. Gwajin da aka fi ambata an yi shi a Tailan, ya fito a 2012: ɗaliban likitanci 60, miligiram 500 a yini, mako huɗu. An auna fata da na'ura a wurare shida na jiki, a biyu kawai aka sami bambancin da za a iya dogara da shi. Sauran gwaje-gwajen na tsotsa da na shafawa duk haka suke, mutane kaɗan, makonni kaɗan, canji kaɗan, kuma kusan duk a kan fatar mutanen Asiya. Iyakar abin da za a ce shi ne ƙwayar tana iya ɗan sauya launi na ɗan lokaci, kuma a gajeren zango illarta ba ta cika wuce kumburin ciki ko ƙaiƙayi ba. Saboda haka idan wani mai ko sabulu mai ɗauke da wannan suna ya mai da baƙar mace fara cikin mako biyu, ni dai ba zan yarda gulutatayon ne ya yi aikin ba. An sha gwada mayukan bilicin a gano sitiroyid ko haidurokwinon ko makuri a ciki ba tare da an rubuta a kwali ba, kuma su ne masu saurin aiki irin wannan.

Allurar ita ce ta fi tsada, ita ce ta fi ƙarancin hujja, ita ce kuma ta fi haɗari. Wani ƙaramin gwaji a Fakistan a 2016 ya yi wa mata allurar miligiram 1,200 sau biyu a mako na tsawon mako shida. Kaɗan daga cikinsu suka ga canji, bayan wata shida kusan duk ya gushe, da yawa gwajin hantarsu ya rikice, ɗaya kuma jikinta ya yi mummunan tawaye ga allurar, irin wanda ke iya kisa cikin mintuna. Hukumar abinci da magunguna ta Filifin, ƙasar da ta fi kowa sanin wannan harka, ta yi gargaɗi tun 2011 ta sake a 2019, tana ambaton illa ga hanta da ƙoda da jijiyoyi, da wata cuta da fata ke tashi ta saɓule, baki da idanu su yi gyambo. Takwararta ta Amurka ba ta amince da kowace allura domin hasken fata ba. A 2019 ta ba da labarin mutum bakwai da suka kamu da amai da jiri da wahalar numfashi bayan allurar gulutatayon a wani asibitin sha-ka-tafi. Da aka bincika sai aka tarar da garin da aka tanada domin haɗiya aka haɗa allurar, kuma yana ɗauke da gubar ƙwayoyin cuta.

Wannan a ƙasar da ake bin diddigi ke nan. A namu wuraren, ana ɗaura ledar a bayan shago ko a ɗakin amarya, kwalbar ta zo ta hannun ɗan kasuwa da rubutun da ba mai iya karantawa, ba a san zafin da ta sha a hanya ba, ba a auna hanta ko ƙodar mai karɓa ba, kuma babu allurar ceto a kusa in numfashi ya sarƙe. Ga haɗarin ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau in kayan aikin ba su da tsabta. Sannan ga maganar da na ce a riƙe: yawancin ledojin nan ana haɗa su da bitamin C mai yawan gaske, kuma sananne ne a likitance cewa bitamin C mai yawa ta jijiya yana farfasa jinin mai ƙarancin G6PD. A al'ummar da wannan gado ya yi yawa, kuma mafi yawan masu shi ba su taɓa yin gwajin ba, wannan caca ce da rai. Ma'aikaciyar jinya da ta yarda ta ɗaura irin wannan leda a gida saboda ɗan abin da za a ba ta, ta san abin da aka koya mata, kuma alhakin yana wuyanta.

Abin ya kai har ga waɗanda ba a haifa ba. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta fito ta gargaɗi mata masu juna biyu da ke shan ƙwayoyin gulutatayon da fatan jaririn ya fito fari, ta ce ba ta amince da wata ƙwaya domin wannan ba. Launin jariri gado ne daga iyaye, babu ƙwayar da za ta sauya shi. A Nijeriya, hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mataki ne mai kyau, amma idon hukuma ya fi karkata ga mayuka, alhali kasuwar ta riga ta koma ga ƙwaya da leda, ana tallarsu da sunan ƙarin lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ake yaƙa da shi. Melanin mai duhu shi ne ke tare hasken rana mai ƙuna kafin ya kai ga cikin fata. Duk wanda ya ga yadda 'yan uwanmu zabiya suke fama da sankarar fata a wannan rana tamu ya san darajarsa. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi ko Agadas da zai biya kuɗi a rage masa wannan kariya, ya sayi asara ko da maganin ya yi aikin da aka ce. Ban kuma ga adalci a ɗora wa 'yan mata laifin su kaɗai ba. Saurayin da ke cewa shi sai fara, da uwar miji mai tambayar launin amarya kafin halinta, da masu shirya fim da waƙa da suka mai da fari ma'aunin kyau, da maza masu shafawa a ɓoye, duk da su ake wannan ciniki.

Mai son hantarsa ta wadata da gulutatayon, hanyar ba ta da tsada. Ta sami furotin: wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi, nama, nono. Albasa da tafarnuwa da kabeji suna kawo farar wuta. A rage mata kaya: taba da giya suna cinye shi, haka shan farasitamol barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Wanda duk da haka ya zaɓi ya sha ƙwayar, ya sani gwajin wata shida ko ƙasa da haka ake da shi a kanta, kuma lambar rajista a kwali ba shaida ba ce cewa abu yana yin duk abin da mai talla ta faɗa. Mai ciki da mai shayarwa da yara su bar ta gaba ɗaya. Mai asma ya guji na shaƙa, domin an ga yana ƙuntata hanyar numfashi. Wadda kuwa aka riga aka ɗaura wa ledar, kada kunya ta hana ta gaya wa likita, a auna mata hanta da ƙoda. In ta ga idanu sun yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu ko ya ragu, ko ƙuraje sun feso da zazzaɓi, ko baki ya fara gyambo, ta tafi asibiti a ranar, ta kuma riƙe kwalbar da kwalinta domin likita ya ga abin da aka sa mata.